Koren Hajo Mai Alayyafo

Duk wanda ya saba sayen kayan miya a kasuwar Tudun Wada ya san Hajo, ko da bai san sunanta ba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa. Tana zama bisa kujera 'yar tsuguno a bayan wani babban faranti da ta jera wa ɗaurin alayyafo, kusa da ƙafarta ga bokitin ruwan da take yayyafa wa ganyen kada rana ta kwantar da shi. Ba ta kiran masu wucewa, ba ta kuma jan ciniki. In ka taya ƙasa da abin da ta faɗa, sai ta ce "Albarka," ta ci gaba da gyaran ganyenta. Abokan zamanta na kasuwa sukan ce dutsen Kufena zai riga Hajo matsawa daga inda ya tsaya.

A nan Tudun Wada aka haife ta. Mahaifinta wanki da guga yake yi wa ma'aikata, mahaifiyarta Inna Zinariya kuwa niƙa take yi wa matan unguwa a dutse, tun kafin injin markaɗe ya cika ko'ina. Hajo ta gama firamare ta zauna tana taya Inna aiki, har Nagoda ya fara zuwa wurinta zance. Shi manomin lambu ne a bakin rafin Kubanni, kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, kullum da ɗaurin alayyafo a bayan kekensa. Sai da Inna Zinariya ta ce, "Ke Hajo, ki ba yaron nan amsa kafin ya mayar da mu awaki." Ta ba shi amsa, aka ɗaura aure tana da shekara ashirin.

Shekara talatin da biyu suka yi a kan tsari ɗaya. Malam Nagoda ya yanko ganye bayan sallar asuba, ya sauke mata a kasuwa, ya koma ban ruwa, ita kuma ta sayar. Da wannan suka raini 'ya'ya uku. Rahma, babbarsu, tana aure a Kaduna, mazan biyu kuwa neman abinci ya kai su kudu. A duk shekarun nan Hajo ba ta taka lambun ya fi sau uku ba. Takan ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wata Talata da rani, shekara huɗu ke nan, ganye bai iso kasuwa ba har rana ta ɗaga. Hajo tana zaune gaban faranti wayam sai ga Kailani, ƙanin mijinta mai tuƙa keke-napep, ya shigo har cikin rumfa yana haki. Maƙwabtan lambu ne suka tsinci Malam kwance a gefen fangali, ruwa yana ta malala, shi kuma ba ya iya ɗaga hannunsa na dama. Hawan jini ne da bai san yana da shi ba.

Sati uku suka yi a asibiti. Ya dawo gida ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa sai wanda ya saba da shi yake ganewa. Ranar sallama likita ta zaunar da Hajo ta yi mata bayani dalla-dalla: gishiri sai ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, magi babu shi sam, a rage manja, a yawaita ganye, kuma komai ya zama mai laushi don haɗiya tana ba shi wuya. Hajo ta sa aka maimaita mata sau biyu, ta ce ta ji.

A nan wahalar ta fara. Malam mutum ne mai son miya ta ji kayan haɗi. Ranar farko da ta kai masa tuwo mai laushi da miyar alayyafo marar gishiri, ya ɗanɗana loma ɗaya, ya kau da kai ya fuskanci bango. Ta yi miyar kuka, haka. Ta yi faten dankali, haka. Koko kaɗai yake yarda ya sha, shi ma rabin kofi. Kafin wata biyu wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ƙasusuwan kafaɗarsa suka fito. Rahma ta zo ta yi kwana biyar tana lallashi, ta koma Kaduna tana kuka.

Kailani ya same ta a tsakar gida wata safiya ya ce, "Yaya Hajo, don Allah ki sa masa gishirinsa da maginsa. Mutumin nan yunwa za ta kashe shi kafin ciwon. Wanda kwanansa ya ƙare ai ba gishiri ke ɗaukarsa ba."

"Likita ba ta ce kwanansa ya ƙare ba," in ji Hajo. "Cewa ta yi kada ya ci gishiri."

"To in ya ƙi ci fa?"

"Zai ci. Ban dai samo abin da zai ci ba ne tukuna."

A bakin lungunsu akwai shagon kayan masarufi na Obianuju, wadda kowa ke kira Maman Zimuzo. A Sabon Gari aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ita da Hajo sun fi shekara ashirin suna aika wa juna abincin salla da na Kirsimeti. Wata rana Hajo ta je sayen sabulu, Maman Zimuzo ta tambaye ta mai jiki, sai ta tsinci kanta tana ba da labarin duk abin da ta dafa aka ƙi.

Maman Zimuzo ta ce, "Maman Rahma, kin san da ina budurwa na yi aiki a kicin ɗin wasu 'yan Italiya da suka zo aikin hanya. Akwai wani abu da matar gidan take yi, kore shar. Ganye ne ake niƙawa da tafarnuwa da mai da wata irin gyaɗa tasu, a zuba cuku. Ba a ɗora shi a wuta. A kan taliya suke cakuɗawa. Ƙamshinsa kaɗai ya isa ya sa mutum cin abinci, ba sai an cika gishiri ba. Pesto suke ce masa."

"Fasto kuma? Irin na cocinku?"

Maman Zimuzo ta yi dariya har da riƙe kanta. "Pesto! Wani lokaci in ganyensu ya yanke, da alayyafo take yi."

Hajo ba ta yi dariya ba, tunani take. "Ganye da gyaɗa da mai," ta ce a hankali. "Ashe kwaɗo ne aka niƙa."

Washegari ta wanke alayyafo, ta haɗa da gyaɗa da tafarnuwa a roba ta kai injin markaɗe. Abin da ya fito ba kore ba ne, wani irin ruwan ƙasa ne mai ɗumi, kuma ya kwashi yajin attarugun wadda aka markaɗa wa kafin ita. Ita kanta da ta lasa sai da ta yi tari. Ta zubar wa kaji, su ma suka tsattsaga suka watse.

Ta koma turmi. Ta daka ɗanyen ganyen har kafaɗunta suka yi tsami, amma ya ƙi laushi, zare-zare ya yi, ga bauri mai kama harshe. Kafin azahar ya yi baƙi. Ta ari blandar Maman Zimuzo, tana cikin niƙa aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan kwana biyu. Da aka dawo da ita ta sake gwadawa. Wannan karon ya yi laushi, amma baurin yana nan, baƙin ma yana nan. Duk da haka ta ɗiba a cokali ta kai wa Malam. Ya dubi abin, ya dube ta, ya rufe ido.

Ta fito ta zauna a bakin murhu, cokalin yana hannunta. Ba ta cika kuka ba, ranar ma ba ta yi ba, sai dai ta daɗe a zaune. Tukunyar miyarsu ta rana tana tafasa, ta miƙa hannu ta watsa yankakken alayyafo a ciki kamar yadda ta yi sau dubu a rayuwarta. Sai idonta ya kai ga abin da ba ta taɓa kula da shi ba: da ganyen ya taɓa ruwan zafi, korensa ya ƙara fitowa, ya yi shar fiye da yadda yake a ɗanye, sai bayan ɗan lokaci ya fara dusashewa.

Ta ɗora wani ruwan. Ta tsinke ganye zalla, matasa, ta zubar da ƙarare. Da ruwa ya tafasa ta tsoma ganyen, ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ta kwashe da sauri ta jefa a ruwan randa mai sanyi. Ta matse shi a cikin tsaftataccen kallabi har ya zama ɗan curi kamar na fura. Ta ɗanɗana. Baurin ya tafi. Ta ajiye curin a faranti ta rufe, ta yi ta leƙawa har la'asar, yana nan kore.

Daga nan ta shiga ɗakin ajiya ta jawo dutsen niƙan Inna Zinariya, wanda ta gada ta jingine a bayan buhuna shekara da shekaru. Ta wanke shi da toka da ruwan zafi. Hannunta bai manta ba. Dutse ba ya ɗumama abin da ake niƙawa, ba ya kuma jiran wuta.

Sauran abubuwan ɗaya bayan ɗaya ta gano su, cikin kusan sati uku. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona baki, don haka ta riƙa binne ta a rushi har ta yi laushi ta yi zaƙi. Gyaɗa sai an soya ta da yashi an murje ɓawon tsaf, in ba haka ba ɗaci take sawa. Mai kuwa man gyaɗa ne sabon matsa daga wurin masu ƙuli, a riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan ana niƙa. Ta ƙara ganyen ɗaɗɗoya cikin tafin hannu saboda ƙamshi. Lemun tsami a ƙarshe ake matsa shi, shi ne yake sa harshe ya manta da gishiri. Kowane gwaji takan kai wa Maman Zimuzo a murfin kwano.

"Ya kusa," in ji Maman Zimuzo a karo na tara. "Amma akwai abin da babu. Cukun nan ne. Shi ke ba shi nauyi a baki."

Hajo ta nemi cuku ba ta samu irin wanda ake nufi ba, kuma da ta ji an ce gishiri ne fal a cikinsa ta daina nema. Kwana biyu tana juya kalmar nauyi a ranta. Me ke ba miyar Bahaushe nauyi in an cire magi? Da ta tuna sai ta ji haushin kanta da ba ta tuna tun farko ba. Ta ɓalli daddawa kamar girman ƙwayar dabino, ta gasa ta sama-sama a bakin wuta, ta niƙa a ciki.

Maman Zimuzo ta lasa, ta yamutsa fuska, ta sake lasa. "Wannan kam ba pesto ba ne kuma."

"Da daɗi ko babu?"

"Da daɗi."

"To ki kira shi duk abin da kika ga dama."

Ranar ta dafa taliya 'yar murji har ta yi luguf, ta cakuɗa da cokali biyu na niƙan, ta shiga ɗakin Malam ta zauna a gefen katifa. Ba ta ce masa ya ci ba. Ita ta fara ci, a hankali, ƙamshin tafarnuwa da daddawa ya cika ɗakin. Can ya juyo da kansa. Ta ɗebo ta kai bakinsa, ya karɓa. Ya daɗe yana juya lomar kafin ya haɗiye, sannan ya buɗe baki. Sai da ya ci cokali goma sha ɗaya, tana ƙirgawa a zuci. Da ta goge masa baki ya yi wata magana, ta sunkuya ta ce ya maimaita.

"Ganyen nan," ya ce da ƙyar, "ba nawa ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Tun kwanciyarsa a wurin wasu manoma take sarin abin da take sayarwa.

"Takin zamani," in ji shi. "Ya yi yawa."

Ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun dawowarsa daga asibiti. Hajo ta ce, "To, Malam. Za ka ci naka."

Da Kailani ya ji abin da take shirin yi sai ya riƙe baki. Lambun ya bushe, ciyawa ta cinye fangalin, kuma ya riga ya fara magana da wani mai son a ba shi aro. "Yaya Hajo, da girmanki za ki shiga lambu cikin maza? Me mutane za su ce?"

"Su ce matar Nagoda ce a lambun Nagoda. Kai dai ka zo ka kai ni bayan asuba, ka dawo da ni kafin hantsi, in ba shi magani."

Ba ta san komai ba a aikin. Irin farko da ta watsa ya fito cunkus wuri ɗaya, wani wurin kuma fili. Ta zo ta faɗa wa Malam, ya yi ta ƙoƙarin furta wata kalma har gumi ya karyo masa, daga ƙarshe ta gane yashi yake cewa: a cakuɗa irin da yashi kafin a watsa, don ƙanana ne ƙwarai. Injin ban ruwa ya ƙi tashi, ta ja igiyar har tafin hannunta ya yi kanta, sai wani maƙwabcin lambu ya nuna mata inda ake buɗe mai. Kullum in ta dawo sai ta zauna ta ba Malam labarin fangali ɗaya-ɗaya, shi kuma ya gyara mata. Wani lokaci ransa ya ɓaci don bakinsa ya ƙi bin abin da ke zuciyarsa, ya bugi katifa da hannun hagu. Takan jira ya huce ta ce, "Sake faɗa, ban ji ba." Ko ta ji takan ce haka, saboda ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a asibiti ta gaya mata yawan magana shi ne maganin bakin.

Bayan kwana ashirin da shida ta yanko alayyafon farko da ta shuka da hannunta, da takin shanu kaɗai. Ta niƙa masa a kan dankali. Ya ci, bai yabe ta ba, ya dai ce ta yi saurin yanka da kwana biyu. A wata na gaba ya ce a kai shi ya gani. Kailani da wani maƙwabci suka ɗauke shi suka sa a keke-napep ɗin, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaron da ke bakin lambu. Daga nan yake nuni da sanda, yana faɗa in ta cika ruwa.

Duk ranar Alhamis suna zuwa gashi asibiti, kuma layin yana da tsawo, don haka takan tafi masa da abincinsa a kula. Matan da ke jinyar mazajensu da iyayensu suka fara leƙowa. Wata daga Hanwa, wadda mahaifinta ya yi wata guda yana ƙin abinci, ta tambaye ta mene ne wannan koren. Hajo ta ɗiba mata a leda. Alhamis ta gaba matar ta zo da wasu biyu. Hajo ta ce ba za ta iya niƙa wa kowa ba, amma duk mai so ta zo gida ranar Asabar da hantsi ta gani da idonta.

Haka Asabar ɗin ta samo asali. Wata rana mata uku, wata rana takwas, daga Kwangila, daga Hanwa, har daga cikin birni. Suna zama a tsakar gida kowace da ɗaurin ganyenta, Hajo tana durƙushe gaban dutse. Ba ta da awo sai hannu, ba ta kuma da haƙuri da mai son yanke hanya. Wadda ta ce za ta tsallake ruwan sanyi, takan ce mata, "To ki shirya cin baƙi." Tana koya musu su kwarara ɗan mai a sama in sun zuba a kwalba, kada iska ta taɓa shi, kuma kada ya wuce kwana uku in babu firji. Tana gaya wa kowace ta fara tambayar likitan majinyacinta, don ta ji an ce akwai masu ciwon da ganye da yawa ba ya yi musu. Mai blanda ta yi da blanda, ba ta hana ba. Sunan da Maman Zimuzo ta kawo bai zauna a bakin kowa ba. Koren Hajo ake cewa.

Hannun Malam na dama bai dawo ba har yau. Amma yana tafiya da sanda zuwa masallacin lungu, maganarsa tana fita, jikinsa ya murmure. Hajo ta koma kasuwa rabin yini.

A daminar bara, cikin watan Agusta, aka kwana biyu ana ruwa, Kubanni ya cika ya haura. Da ya janye, Hajo ta je ta tarar babu fangali ko ɗaya, yashi da leda sun rufe wurin, gefen lambun ma ya zabtare ya bi ruwa. Maƙwabta suka ce sai an yi watanni kafin ƙasar ta sake karɓar iri. Ta tsaya ta dubi wurin, ta tattara tiyon ban ruwan da ya maƙale a jikin mangwaro, ta ce wa Kailani su biya ta wurin masu gini.

Da la'asar Malam ya fito daga ɗaki ya ga tsakar gida cike da tsofaffin buhunan siminti, an wanke an shanya. Hajo tana tsugune tana huda gindin ɗaya da ƙusa, ga tulin ƙasa da takin shanu a gefe.

"Mene ne wannan kuma?"

"Lambu ne, kafin wancan ya warke."

Ya dogara sandarsa ya zagaya, ya dubi inda rana take faɗowa, ya dubi inda indararo ke zuba. Ya taɓa buhu ɗaya da bakin sanda.

"Ba nan ba," ya ce. "Jikin bangon gabas za ki jera su. Kuma hujin nan ya yi kaɗan, ƙara biyu."

Ta jawo buhun gabanta ta ƙara biyu.